Kwal da Jirgin Ƙarfe Uku

Kafanchan,
12 ga Mayu, 1974

Ɗana Meshak,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya aiki, yaya Kaduna? Ina fata ƙarar injin masaƙarku ba ta kurmantar da kai ba tukuna. Ni lafiya lau nake, sai gwiwar nan da ke tuna mini da kanta duk lokacin da hadari ya haɗu. Ruwa ya sauka sosai a nan. Na shuka masara a bayan ɗaki, cittar ma na rufe ta da ganye.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙata. Na sani ba ni na haife ka ba, kakanka ne da uban marigayi mijina Bartholomew suke ciki ɗaya. Amma shekara huɗu ka yi kana cin tuwona lokacin da kake firamare, kuma ni na riƙa shanya tabarmar da kake jiƙawa, saboda haka ina da ikon damunka. Wata goma ke nan da rasuwar Babanka Bartholomew. Gidan ya yi mini girma, ba kuma wanda zan yi wa faɗa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wata 'yar kyanwa. Ka tuna Kumai, gad ɗin jirgin ƙasa, abokin Babanka mai dogon wuyan nan? Shi ya tsinto ta a loko, inda ake ajiye kawunan jirgi, a cikin tarin kwal, ya kawo mini a aljihun kwat ɗinsa wai don ɓerayen da ke cinye mini acca. Baƙa ce ƙirin, na wanke ta sau biyu ina tsammani dauɗa ce, ashe haka Allah ya yi ta. Na sa mata suna Kwal. Ɓera ko ɗaya ba ta kama ba, ni take kamawa.

Da rana barci take yi a cikin kwandon citta kamar wadda ta yi noma. Amma da zarar ƙarfe uku na dare ya kusa, sai ta hau gidan sauro, ta riƙa lilo a kaina, ta sauko ta ciji babban yatsana. Kafin in gama zaginta jirgin kaya na Jos ya yi kuka, wanda Babanka ya shekara ashirin da shida yana shigowa da shi. Tunda na riga na tashi, sai in hura wuta in ɗumama sauran tuwo in ɗan gutsura mata. Daga nan kuma barci ya tafi ke nan. Ranar Alhamis a wurin Zumuntar Mata har gyangyaɗi na yi da tulun kiɗa a cinyata, ni da na shekara goma sha takwas ina buga musu shi ban taɓa ɓata waƙa ba. Kunya kamar in nutse.

Kai ka yi boko, ka gaya mini yadda ake sa kyanwa ta yi barci da dare. Kada ka ce in yar da ita, ba abin da na tambaye ka ke nan ba.

Ka aiko amsa ta akwatin majami'a. Kuma ka riƙa yin rubutu manya-manya, ba irin tafiyar tururuwan nan taka ba.

Mamanka,
Afiniki

*

Kakuri, Kaduna,
26 ga Mayu, 1974

Zuwa ga Mama,

Na gaishe ki da kyau, tare da fatan Ubangiji yana riƙe da ke. Wasiƙarki ta same ni lafiya, sai ɗan tari da ƙurar auduga ta sa mini. Sau uku na karanta ta. Tun da na zo garin nan ba wanda ya rubuto mini sai ke. Ki yi haƙuri na matse rubutun, takarda ɗaya ce a hannuna, a lokacin hutun cin abinci nake rubutawa.

Zancen tabarma kuwa, Mama, ai ya kamata a bar shi haka, yanzu ina da gemu.

Na tambayi wani abokin aikina da ya taɓa yi wa Turawa kuku, su ne masu kwana da kyanwa a gado. Ya ce ƙaramar kyanwa haka take, dare ne lokacin farautarta. Wai kada ki bari ta wuni tana barci. Da yamma ki ɗaura tsumma a igiya ki riƙa ja mata har ta gaji, sannan ki cika mata ciki dab da za ki kwanta. Idan ta tashe ki kada ki kula ta, kada ki ba ta komai, domin tuwon nan da kike gutsura mata shi ne ladan tashin ki da take yi. In duk ya ƙi, ki rufe ta a kicin.

Amma Mama, na yi dariya ni kaɗai a ɗaki har maƙwabcina ya buga bango. Baƙa kamar kwal, daga loko ta fito, ƙarfe uku take tashi, kuma tuwo take nema? Anya ba Baba Bartholomew ba ne ya dawo gida? Ki gwada ta da barkono, in ta ce a ƙara to shi ne. In shi ne ki gaishe shi, ki ce ya yafe mini da ban zo jana'izarsa ba.

Maganar jana'izar nan tana cina har yau. Sabon ɗauka ne ni a lokacin, na ji tsoron neman izini, yanzu kuma kunyar zuwa nake ji. Nan ba wani daɗi. Mako ɗaya aikin safe, mako ɗaya aikin dare, in na dawo in buɗe ɗaki in tarar da shi yadda na bar shi. Ranar Lahadi nakan je sujada, amma ban san kowa ba, ana tashi nake fita.

Ki gaishe mini da Baba Kumai.

Ɗanki,
Meshak

*

Kakuri, Kaduna,
14 ga Yuli, 1974

Mama,

Ina gaisuwa. Mako bakwai ke nan ban ji daga gare ki ba. Kullum sai na leƙa wurin da ake ajiye mana wasiƙu a bakin get, har mai gadi ya fara yi mini dariya.

Na san watan nan ne Baba yake cika shekara. In fushi kike yi domin ban ce zan zo ba, kina da gaskiya, ba ni da abin faɗa. Amma ki zage ni a takarda ya fi mini shirun nan. Ko gwiwar ce ta tashi? Yaya Kwal, ta fara barci?

Ɗanki,
Meshak

*

Kafanchan,
27 ga Yuli, 1974

Meshak,

Na gaishe ka. Jikina lafiya. Wannan wasiƙar Kumai ne zai ba ka hannu da hannu, tare da kwandon da ka gani. Kada ka buɗe kwandon sai ka rufe ƙofa da taga. Wasiƙarka ta biyu ma shi ya karanta mini a tasha.

Ba fushin jana'iza nake yi ba. Na ce maka ka yi rubutu manya, ka ƙi. Idona ne, Meshak. Tun bara yana yi mini hazo, ina iya rubuta nawa domin hannu ya san hanya, amma ƙaramin rubutu ko Littafi Mai Tsarki ba na gani. Ban so in faɗa maka kai tsaye ba, ban so kowa ya sani. Da wasiƙarka ta farko ta zo na juya ta a rana, na juya ta a fitila, ban ga komai ba sai layi-layi. Sai na kai wa Beatrice, shugabar Zumuntar Matanmu, tunda ita ce maƙwabciyata kuma ta yi makaranta.

Tana karantawa muna dariya, har zancen gemunka. Da ta kai wurin da ka ce Babanka ne ya dawo, sai ta tsaya. Ta sake karanta wurin a hankali. Ta dubi Kwal da ta biyo ni tana zaune a bakin ƙofa, ta janye ƙafarta. Na ce mata wasa ne, yaron nan tun yana ƙarami bakinsa haka yake. Ta ce to, ta ninke takardar ta ba ni.

Kafin Lahadi magana ta gama unguwa. Wai ina tashi tsakar dare ina dafa wa mijina abinci, wai an ji ina magana da shi da yarenmu, wai har dangin mijin sun sani tunda ga shi ɗansu ya rubuto a gaishe shi. Hayaƙin kicin ɗina kuwa kowa ya ce ya sha ganinsa ƙarfe uku, kuma wannan ba ƙarya suka yi ba. Ka san abin da ake cewa a kan mace mai baƙar kyanwa, balle wadda ba ta taɓa haihuwa ba, balle wadda mijinta ya kwanta kwana tara ya tafi. Matar da ke sayen cittata ta daina zuwa. Yaran da ke tsinkar gwaiba a gidana an hana su.

Dattawan ikkilisiya suka kira ni. Fasto bai yi mini tsawa ba, shi kansa kunya yake ji. Ya ce shi bai yarda da zancen ba, amma masu raunin bangaskiya suna tuntuɓe, in rabu da dabbar a huta. Kafin nan kuma in ɗan dakata da kiɗa a Zumunta. Suka ɗauki tuluna suka ba wata yarinya da ba ta san inda ake sa tafin hannu ba. Ranar cikar shekarar Babanka mutum shida ne suka zo addu'a, ba wanda ya taɓa kunun da na dama.

Na yi duk abin da kukun Turawanka ya ce. Na ja tsumma har kafaɗata ta yi ciwo. Na rufe ta a kicin, ta yi kuka, na kasa, na buɗe. Mako shida ina jan ƙafa ina cewa gobe. Wani dattijo ya ce a sa ta a buhu a kai rafi, shi zai taimaka. Na ce masa na gode.

Ba zan iya zama ba Zumunta ba, Meshak. Su kaɗai gare ni, in na mutu su za su wanke ni. Kuma ba zan iya kai ta rafi ba. Kai ka jawo, sai ka riƙe ta. Tana son kan busasshen kifi, ba ta shan madarar gwangwani. In ta hana ka barci, ka tuna da ni.

Afiniki

*

Kakuri, Kaduna,
18 ga Agusta, 1974

Mama,

Ga rubutu manya, takarda biyar na saya. Ina gaishe ki, ina kuma durƙusawa. Da na ga kin ce tafiyar tururuwa, na ɗauka tsokanar da kike yi mini ce tun ina aji uku. Ban yi tunanin ido ba ko kaɗan. Na zauna a Kaduna na yi wasa da abin da ban san nauyinsa ba, ke kika ɗauka. Ki yafe mini.

Kwal tana nan lafiya. Kwana biyu na farko ta shige ƙarƙashin gado ta ƙi ci. Yanzu in na dawo aiki tun ina neman makulli nake jin ta a bayan ƙofa. Ban taɓa sanin haka abin yake ba, a ce wani yana jiran ka.

Na daɗe ban amsa ba domin ina so in tabbatar da wani abu. Takarda ta uku zuwa ta biyar ba taki ba ce. Ki karanta, in kin yarda ki kai wa Mama Beatrice. In ba ki yarda ba ki sa a murhu.

Zuwa ga Mama Beatrice da dukan Zumuntar Mata. Ina gaishe ku da girmamawa, ni ne Meshak da na rubuta maganar banzan nan. Tunda an karanta waccan a gaban mutane, ina roƙo a karanta wannan ma har ƙarshe.

Kyanwar tana ɗakina mako uku. A makonnin da nake aikin safe na kwana da ita dare goma sha huɗu. Barci take yi a kan takalmina har jiniyar masaƙa ta yi kuka da asuba. Ba ta san ƙarfe uku ba, ba ta san jirgin Jos ba. Wata rana na sa agogo ya tashe ni ƙarfe uku, na kunna fitila na zauna. Sai ga ta ta miƙe, ta hau gidan sauro, ta sauko ta kama yatsana. Na sake gwadawa ƙarfe ɗaya, haka ta yi. Duk lokacin da mutum ya motsa, ita ma ta tashi. Dabba ce, abin da ta iya ke nan.

Wadda ta san ƙarfe uku ita ce Mama Afiniki. Na kwana a gidan nan shekara huɗu. Kowane dare da Baba yake kan hanya, tun kafin jirgi ya yi kuka nake jin ta tana karya itace, domin ya tarar da ruwan wanka da tuwo da zafi. Shekara ashirin da shida tana haka. Kuna tsammani jiki yana mantawa domin an yi jana'iza? Hayaƙin da kuka gani gaskiya ne. Maganar da kuka ji ma gaskiya ce, mutum in ya rasa wanda zai yi wa magana yakan yi da abin da ke gabansa, ni ma yanzu ina yi.

Na ji kun kwana da ita kwana bakwai na makoki, kamar yadda aka saba, Allah ya saka muku. Ina tambaya da ladabi: daga dare na takwas zuwa yau, wa ya ga hayaƙin nan ya je ya ƙwanƙwasa ya ce Afiniki lafiya? Ni ma ban je ba, ni na fi ku laifi. Amma ku mayar mata da tulunta.

Ɗanku a cikin Ubangiji,
Meshak

*

Kafanchan,
22 ga Satumba, 1974

Ɗana Meshak,

Gaisuwa a cikin sunan Yesu. Ina lafiya, masara ta nuna, ina cin gasasshiya ni kaɗai har haƙorina ya gaji. Yaya tarin? Ka riƙa shan zuma da citta, na ba Kumai ƙulli ɗaya ya kawo maka.

Na karanta wasiƙarka da idona, kowane baƙi kamar ƙwaryar kunu. Na ji haushinka sosai. Wa ya aike ka ka tona ni? Kwana huɗu takardun nan suna ƙarƙashin matashina, sau biyu na kai su bakin murhu. Ranar Laraba na ɗaura ɗankwali na kai wa Beatrice, na ce ga saƙonki.

Ta fara da ƙarfi kamar mai karanta sanarwa. Da ta kai wurin dare na takwas muryarta ta shige, ta ce idonta yana mata ƙaiƙayi. Na ce ta ci gaba, ai nawa idon ne mara lafiya. Washegari ta karanta a Zumunta, ba ta tsallake ko layi ɗaya ba, wannan kam na ba ta. Da aka tashi yin waƙa, yarinyar nan da kanta ta kawo tulun ta ajiye a gabana. Fasto ya aiko cewa maganar ta wuce. Dattijon buhu dai har yau in ya hango ni sai ya tsallaka hanya.

Sai suka tsara wai za a riƙa kwana da ni bi da bi. Beatrice ce ta fara, ta zo da tabarmarta da Littafinta. Meshak, matar nan tana minshari kamar injin da ke hawan tudun Kagoro. Jirgi ya zo ya yi kukansa ya wuce, ko juyi ba ta yi ba. Ni kuwa ina kwance ido biyu, ina jin kunyar tashi in hura wuta a gaban baƙuwa. Ban taɓa ganin dare mai tsawon wannan ba. Kwana tara suka yi, daga nan wannan ɗanta ba lafiya, waccan mijinta ya dawo daga tafiya. Ban riƙe su a zuciya ba, kowa da gidansa. Da rana suna leƙowa yanzu, mai cittar ma ta dawo.

To, ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Gaskiyarka ce. Ba ita take tashe ni ba. Tun kafin Kumai ya kawo ta nake tashi, in hura wuta, in ɗumama tuwo, in zauna ina kallonsa har ya huce. Da ta zo, wani daren tana barcinta a ƙafafuna, ni nake taɓa ta da yatsa har ta farka, don in samu wanda zan ce wa kai ka dame ni. Na rubuto maka ina neman maganin barcinta ne domin ban san yadda ake rubuta ɗayan ba.

Na so in ce ka ba Kumai ita ranar Asabar. Amma na sake karanta wurin da ka ce tana jiran ka a bayan ƙofa, na ga in na karɓe ta haka kawai na bar ka da makulli a hannu. Saboda haka ba Kumai ba. Ka je ka nemi izini, wannan karon ka buɗe baki ka nema, ba cinye ka za su yi ba. Ka kawo ta da kanka, ka ga kabarin Babanka, mu zauna mu uku mu ga wanda za ta bi.

Kumai ya ce jirgin fasinja na Kaduna yakan shigo kusan lokaci ɗaya da na Jos in bai makara ba. Shi za ka hau. Kada ka damu da dare, kada ka ci komai a hanya. Ka bi bayan layin dogo ka duba inda hayaƙi yake tashi, za ka tarar da ruwan wanka da tuwo da zafi.

Mamanka,
Afiniki